Cyprian Ekwensi, Marubucin Burning Grass

An haifi Cyprian Ekwensi a Minna a 1921. Inyamuri ne, ɗan wani maharbin giwa. Ya yi aikin gandun daji, sa'an nan ya koyi haɗa magunguna a Legas da Landan.

Ɗalibanmu sukan yi gunaguni wai littattafan Turanci duk labarin baƙi ne. Amma in aka buɗe Burning Grass na 1962, sai aji ya yi tsit. Mai Sunsaye, Bafulatanin da ciwon yawo ya raba da iyalinsa, sai ka ce ɗaya daga makiyayan da ke sauka fadamar Haɗejiya da rani. Har gardama sukan yi, sammu ne ko son yawo. A ganina wannan littafi ya fi labaransa na Legas.

Ya rasu a Enugu a 2007.