Diori Hamani: Shugaban da ya nemi a ƙara wa yuraniyom daraja

An haifi Diori Hamani, shugaban Jamhuriyar Nijar na farko, a ranar 6 ga watan Yunin 1916 a ƙauyen Soudouré da ke kusa da Yamai. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, ya koyar a gida, sa'annan ya koyar da harsunan Hausa da Zabarmanci a birnin Paris.

A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, kuma shi ne ya karɓi ragamar mulki lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a ranar 3 ga watan Agustan 1960. Ya yi mulki ne a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya tilo, bayan haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. A lokacin yaƙin basasar Najeriya ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, alhali Faransa na tallafa wa Biyafara.

A zamaninsa ne aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, wanda ya soma haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, Faransa ta ƙuduri aniyar gina tashoshin nukiliya masu yawa domin samar da wutar lantarki. Diori ya ga cewa ma'adinin ƙasarsa ya ƙara daraja, don haka ya nemi a ƙara masa kuɗi, a daidai lokacin da fari da yunwa suka addabi talakawa.

An soma tattaunawa da Faransa a watan Maris na 1974, amma ba a kai ga cimma matsaya ba. A ranar 15 ga watan Afrilu sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché suka hamɓarar da shi, suna zargin gwamnatinsa da karkatar da abincin agaji. Matarsa Aissa ta rasa ranta a juyin mulkin. An tsare shi har 1980, aka ci gaba da yi masa ɗaurin talala har 1987. Ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko a ranar 23 ga watan Afrilun 1989.

A yau Faransa na samun kimanin kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, Sin ce ke kan gaba wajen gina sababbin tashoshi, Jamus kuwa ta rufe nata na ƙarshe a 2023. Nijar ba ta da ko ɗaya, kuma ta daɗe tana sayen wuta daga Najeriya. A 2025 gwamnatin soja ta ƙasar ta ƙwace SOMAÏR daga hannun kamfanin Orano na Faransa, shekara 51 bayan Diori ya ɗaga batun rabon arzikin.