Jack Lang, shugaban gwamnatin da ya ƙi biyan ruwan bashi

Ƴan'uwa na gida da na bariki, a wannan fitowa mun ɗauko muku labarin wani mutum na nesa, daga ƙasar Ostareliya. An haifi Jack Lang a birnin Sidni a 1876. Ubansa mai gyaran agogo ne, talauci ya kama gidan har yaron ya riƙa tallar jarida a titi. Da ya girma sai ya zama dillalin gidaje. Ya shiga majalisar jihar New South Wales a 1913, a 1923 kuma ya zama shugaban jam'iyyar Leba ta jihar, wato jam'iyyar ma'aikata da ƴan sandika. Dogo ne ƙaƙƙarfa, mutanensa suna ce masa Ƙato.

Mulkinsa na farko, 1925 zuwa 1927, shi ne muka fi yabawa. Ya yanka wa matan da mazansu suka mutu kuɗin wata, ya rage aikin mako zuwa awa 44, ya soke kuɗin makarantun sakandare na gwamnati. Mu da muke riƙe da alli mun san yara nawa kuɗin lakwal ke mayarwa gida.

Ya dawo mulki a 1930, lokacin da kasuwar duniya ta faɗi. Ba a daɗe ba kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku ya rasa aiki. Ga bashin masu kuɗi na Landan a wuyan jihar, ana ta matsa wa gwamnati ta rage albashi ta biya. A 1931 Lang ya tsayar da biyan ruwan bashin, don a ganinsa cikin talaka ya riga aljihun attajiri. Dattawan da suka ga mai bashi a ƙofar gida shekarar fari sun gane nufinsa. Gwamnatin tarayya ta biya a madadinsa, ta kafa dokar ƙwace kuɗin jihar daga bankuna. Shi kuwa ya sa aka kwashe kuɗin tun ba a kai gare su ba.

Ana cikin haka, ran 19 ga Maris 1932, ya zo buɗe babbar gadar Sidni. Kafin ya sa almakashi, wani ɗan adawa, Francis de Groot, ya ɓullo bisa doki ya sare ƙyallen da takobi. Sai da aka sake ɗaurawa. Ran 13 ga Mayu gwamna Philip Game, wakilin Sarkin Ingila, ya tuɓe shi, zaɓen da ya biyo baya kuma ya sha mugun kaye.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Yana da taurin kai da riƙo, mutanensa ne suka taimaka aka kayar da gwamnatin tarayya ta Leba a 1931. Kuma yana cikin masu son a rufe ƙofar ƙasar ga duk wanda ba Bature ba, wato da irinmu ne suka je ci-rani, da ba su shiga ba.

An karɓe masa shugabancin jam'iyya a 1939, aka kore shi a 1943, sai 1971 aka maido shi. Ya mutu a 1975 yana da shekara 98.