Abu Marwan Ibn Zuhr, Likitan Andalus

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin Abu Marwan Abdulmalik Ibn Zuhr, haifaffen birnin Ishbiliya ta ƙasar Andalus. Likitanci gado ne a gidansu, tun daga kaka. Ya yi wa sarakunan Murabiɗun hidima, har ran da Sarki Aliyu ɗan Yusuf ya fusata da shi, ya ɗaure shi a Marrakush. Da mulki ya koma hannun Muwahhidun, sai Halifa Abdulmumin ya jawo shi a jika, shi kuwa ya wallafa masa Kitabul Agziya a kan abinci.

A littafinsa Attaisir ya yi bayanin ciwon dajin tumbi da na hanyar abinci. Majinyacin da haɗiya ta gagara, wanda yunwa kan riga cutar kashe shi, sai a zura masa bututun azurfa ta maƙogwaro a ɗura masa abinci mai ruwa-ruwa. Wannan kuwa fiye da shekara 800 da suka wuce!

Ibn Abi Usaibi'a ya ruwaito cewa Halifan ya ƙi jinin maganin wankin ciki. Sai Ibn Zuhr ya riƙa yi wa wata itaciyar inabi ban ruwa da ruwan maganin. Da ta nuna ya ba shi ya ci, buƙata ta biya.

Ya rasu a Ishbiliya a shekarar 557 ta Hijira, daidai da 1162. Allah ya jiƙansa.