Carlo Urbani: Likitan da ya fallasa cutar SARS

Dakta Carlo Urbani, ɗan ƙasar Italiya, shi ne jami'in Hukumar Lafiya ta Duniya na farko da ya gane cewa wata sabuwar cutar numfashi ta ɓulla a shekarar 2003, kuma tana bin ma'aikatan asibiti ɗaya bayan ɗaya. Cutar, wadda daga baya aka sa wa suna SARS, ita ce ta yi ajalinsa.

An haife shi ranar 19 ga watan Oktoban 1956 a garin Castelplanio da ke lardin Ancona. Ya kammala karatun likita a jami'ar Ancona a 1981, sannan ya ƙware a fannin cututtuka masu yaɗuwa da na ƙasashe masu zafi.

Bayan ya yi aiki a asibitin Macerata, hankalinsa ya karkata ga talakawan ƙasashe masu tasowa. Ya yi aikin yaƙi da tsargiya a Muritaniya, kana ya tafi Kambodiya tare da iyalinsa a ƙarƙashin ƙungiyar likitoci ta Medecins Sans Frontieres.

A 1999 ya zama shugaban reshen ƙungiyar na Italiya, kuma yana cikin tawagar da ta karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a birnin Oslo a wannan shekara. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta tura shi Hanoi, babban birnin Biyetnam, inda ya dukufa wajen raba 'yan makaranta da tsutsar ciki.

Baƙuwar cuta

A ƙarshen watan Fabrairun 2003 wani asibiti mai zaman kansa da ake kira Asibitin Faransa a Hanoi ya nemi taimakon hukumar, kan wani ɗan kasuwa Ba'amurke da ke fama da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi. Mutumin ya kwana a wani otel a Hong Kong, a hawa ɗaya da wani likita daga lardin Guangdong na ƙasar Sin, inda cutar ta fara ɓulla a watan Nuwamban 2002.

Da farko an yi zaton murar tsuntsaye ce. To amma Dakta Urbani ya lura cewa cikin 'yan kwanaki likitoci da ma'aikatan jinya da suka kula da mutumin sun fara kwanciya da irin wannan ciwo.

Ƙwayar cutar tana fita ne ta tari da atishawa, don haka ɗakin jinya, inda ake kusantar majiyyaci dare da rana, ya zama wurin da ta fi saurin yaɗuwa. Tsofaffi da masu ciwon sukari ko ciwon zuciya su ne ta fi hallakawa.

Dakta Urbani ya ci gaba da zuwa asibitin kullum yana ɗaukar samfuri domin gwaji, yana kuma kwantar wa ma'aikata da hankali. Ya sa aka keɓe masu cutar, aka tsananta amfani da takunkumin fuska da safar hannu da rigunan kariya.

Ranar 9 ga watan Maris shi da abokan aikinsa suka gana da jami'an ma'aikatar lafiya ta Biyetnam. Duk da fargabar abin da hakan zai jawo wa tattalin arziki, gwamnati ta amince a killace asibitin, a kuma gayyato masana daga waje.

Rasuwarsa

Ranar 11 ga watan Maris, yana cikin jirgi kan hanyarsa ta zuwa wani taro a Bangkok, ya ji zazzaɓi ya kama shi. Da saukarsa ya hana abokin aikin da ya zo tarbarsa matsowa kusa da shi, ya zauna yana jira har motar asibiti ta iso.

Washegari Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa duniya gargaɗi kan cutar. Shi kuwa ya shafe kwana 18 a killace, kafin ya rasu ranar 29 ga watan Maris yana da shekara 46. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku.

Wata guda bayan haka, ranar 28 ga watan Afrilu, Biyetnam ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta shawo kan cutar. Mutum 63 ne suka kamu a ƙasar, biyar suka mutu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne.

A duniya baki ɗaya SARS ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe 774, kafin a dakatar da ita a watan Yulin 2003. Kimanin mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka kamu ma'aikacin lafiya ne, kuma asibitocin Hong Kong da Singapore da Toronto sun ɗanɗana kuɗarsu.

Ba a samu magani ko rigakafin cutar a lokacin ba. Matakan da Dakta Urbani ya nace a kansu, wato gano mai cutar da wuri da keɓe shi da kare masu jinyarsa, su ne suka tsayar da ita. Masana sun sa sunansa a kan wani nau'in ƙwayar cutar domin tunawa da shi.