Malam Aliyu Namangi na Zariya

Duk wanda ya saba cin kasuwa a ƙasar Makoda ko Dambatta ba ya rasa ganin makaho tafe, ɗan jagora a gaba, sanda a tsakaninsu. Sau da yawa akan ji shi yana rera waƙar wa'azi da murya mai daɗi, har masu ciniki su dakata su saurara. Cikin waƙoƙin da makafi suka fi rerawa a ƙasar Hausa akwai wadda ake kira Imfiraji. Wanda ya tsara ta shi ma makaho ne, sunansa Malam Aliyu Namangi.

An haife shi wajen shekarar 1894 a ƙauyen Namangi, cikin ƙasar Zazzau, daga nan ne kuwa ya sami sunansa. Tun yana ƙaramin yaro ya rasa ganinsa. A zamanin nan agana da ƙyanda suna makantar da yara da yawa, gama babu allurar rigakafi a ƙauyuka. Yaron da wannan masifa ta same shi, galibi ba a sa masa ran kome sai bara. In ya tasa, a miƙa masa sanda da ƙoƙo, shi ke nan.

Amma Aliyu bai tsaya nan ba. Ko da yake ba shi da idon duba allo, Allah ya ba shi kunne da ƙwaƙwalwa. Ya zauna gaban malamai, suna karantawa yana saurare, yana maimaitawa har abin ya zauna masa a ka. Abin da sauran almajirai suke ajiyewa a takarda, shi a zuciya yake ajiye nasa. Malaman kuwa ba su kore shi ba don ba ya gani. Da haka ya sami ilimin addini mai yawa, ya zauna a birnin Zariya, har aka san shi cikin malamai.

Sa'an nan ya shiga tsara waƙa. A ka yake shirya baitoci, ya auna su, ya gyara, kana ya faɗa wa masu ido su rubuta. Babbar waƙarsa ita ce Imfiraji. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta yayewar ƙunci bayan wahala. Doguwar waƙa ce ƙwarai, kashi-kashi ya yi ta. A ciki ya yabi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi game da ruɗin duniya, ya tuna wa mutane mutuwa da ranar hisabi. Da Hausa mai sauƙi ya yi ta, yadda manomi da maƙeri da mace a cikin gida duk za su gane. Ba kullum ne kuma yake wa'azi ba, yana da raha: har keke ya yi wa waƙa, sa'ad da keke yake baƙon abu.

Waƙar ta bazu ta hanyoyi uku. An buga ta cikin littattafai a Zariya, aka karanta a makarantu. An sa ta a gidajen rediyo. Amma waɗanda suka fi kai ta lungu-lungu su ne 'yan'uwansa makafi. Suka hardace ta, suka shiga da ita garuruwa da ƙauyuka. Ta zama musu abin neman abinci, ta kuma jawo musu mutunci, domin mai jinsu ya san ba hannu wofi suka zo ba, da wa'azi suka zo.

Allah ya nufe shi da zuwa aikin Hajji. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, aka riƙa kiransa Dokta Aliyu Namangi. Ga mutumin da bai taɓa ganin harafin boko ba, ga shi kuma masu digiri suna nazarin aikinsa! Ya rasu a shekarar 1990, ya haura shekara casa'in. Allah ya jiƙansa.

Girmama makaho ba baƙon abu ba ne. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a Madina, Annabi kuma ya sha barinsa ya yi wa mutane limanci in ya yi tafiya. A biranen Hausa kamar Kano akwai Sarkin Makafi, mai kula da al'amuran jama'arsa. Yanzu kuma akwai rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, wanda wani makaho na ƙasar Faransa, Louis Braille, ya ƙago. Ana koyar da shi a makarantar Tudun Maliki a Kano. A shekarar 2019 Nijeriya ta kafa dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci.

To, yara, sadaka abu ne mai kyau, amma ba ita kaɗai makaho yake bukata ba. Da malaman Zazzau sun sallami yaron nan da tuwo kurum, da babu Imfiraji. In akwai yaro makaho, ko gurgu, ko kurma a unguwarku, kada ku yi masa ba'a. Ku ja shi cikin wasanku, ku karanta masa darasinku, ku tambayi malaminku hanyar da za a bi a kai shi makaranta.