Tarihin Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Sorayen Sarakuna

A ƙasashen duniya da dama, sarakunan da suka shuɗe sun kasance suna gina dogayen rumfuna masu ado a tsakiyar lambunansu, inda sukan hau su sha iska, su gana da manyan baƙi. Sarki Shah Jahan ya gina irin waɗannan a lambun Shalimar na birnin Lahor, cikin ƙasar Pakistan ta yau, wajen shekarar 1641. Haka kuma a lambun Kew na birnin Landan akwai wata hasumiyar ado mai hawa 10 wadda aka kammala cikin 1762. A ƙasar Hausa kuwa, tun daga Daura har Katsina da Kano da Zazzau, abin da ya tsaya a madadin waɗannan shi ne soro da bene na gidan sarauta. Duk kuwa inda masana suka zauna zancen soro, sunan mutum guda ne yake fara fitowa, watau Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani.

Marigayin, wanda waɗansu marubuta suke kira Malam Mika'ilu, ya yi zamaninsa ne a ƙarni na 19, kuma a birnin Zariya ya shahara. Lokacin da ya taso lokaci ne na bukatar magina. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara cikin 1804 ya sauya masu mulki a kusan dukkan biranen Hausa, har da Daura, wadda ta shiga hannun Malam Isiyaku. Sababbin sarakunan nan suna bukatar masallatan Juma'a da za su ɗauki jama'a, da ɗakunan shari'a, da zaurukan fada waɗanda za su nuna martabar mulki.

Yadda Ya Ƙware

Wanda yake so ya gane gwanintar mutumin nan, sai ya dubi kayan aikin da ya samu a hannunsa. Ba shi da siminti, ba shi da ƙarfe. Abin da yake da shi shi ne jar ƙasa da ake kwaɓawa da ciyawa, da tubali mai siffar ƙwai wanda ake shanyawa a rana, da igiya, da kuma azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Matsalar ita ce, azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa a kan tazarar da ta wuce kamar ƙafa 6. Saboda haka ne ɗakin talaka bai cika faɗi ba.

Maginan Hausa sun warware wannan matsala da dabarar da ake kira bakan gizo. Ana kafa azara a jikin bango ta ɗan karkato ciki, a ɗora wata a kanta ta ƙara miƙawa gaba, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bar ta ta bushe. Haka za a yi ta yi daga bango biyu masu fuskantar juna har ƙafafun su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, kuma a kansa ne tulluwa take zama. Babban Gwani ya tarar da wannan dabara, amma shi ne ya kai ta matuƙa wajen tsawo da faɗi da kyan tsari.

Masallacin Zariya

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sarki na farko daga gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Ginin ya ƙunshi babban ɗakin salla, da ɗakin shari'a, da zaurukan shiga inda ake alwala. A cikin ɗakin sallar, bakuna suna tasowa daga manyan ginshiƙai su rarrabu kamar rassan itace, an kuma ƙawata jikin ginshiƙan da zane mai zurfi na layuka da da'irori. Labarin da dattawan Zariya suka gada yana cewa da dare yake aza ginin shi kaɗai, bayan ma'aikata sun wuni suna kwaɓa ƙasa suna tara masa tubali.

Daga nan sunansa ya ƙetare ƙasar Zazzau. Cikin 1860, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim, ya gina Gidan Madaki a garin Kafin Madaki da ke arewa da birnin Bauchi. Har yau ana kiran soron gidan da sunan Babban Gwani, kuma cikin 1956 gwamnati ta sanya gidan cikin jerin kayan tarihin ƙasa.

Game da ƙarshen rayuwarsa, labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa ya gina masallaci a Birnin Gwari, kuma da sarkin garin ya ga kyan aikin sai ya sa aka kashe shi, domin kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Ɗaliban Larabci za su tuna da irin wannan labari game da Sinimmar, maginin da aka ce ya gina wa Sarkin Hira fadar Khawarnaƙ a ƙasar Iraƙi tun kafin zuwan Musulunci, aka saka masa da jefowa daga ƙololuwarta. Yawaitar irin wannan labari tana nuna yadda masu mulki suke ɗaukar dogon gini a matsayin alamar fifiko. Zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar a Zariya, inda akwai unguwar da ake kira da sunansa.

Abin Da Ya Rage

A cikin shekarun 1970 an rushe sassan waje na masallacin Zariya, aka gina sabon masallaci na siminti wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar. Abin da ya ceci siffarsa ta asali shi ne awo da zanen da wani masanin gini mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi tun da farko. Da su aka yi amfani wajen gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, aka kuma buga aikin masanin cikin littattafai 3 a shekarar 1990.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa. Yana bukatar a gyara rufi da indararo kafin damina, a sabunta yaɓe da makuba. Idan aka shafe shi da siminti, sai danshi ya maƙale a ciki, bangon ya ruɓe ba a sani ba. Ga shi giginya tana ƙaranci, masu iya ɗaurin guga kuma suna tsufa. Wannan haɗari ya shafi tsofaffin zaurukan fadar Daura da na Katsina kamar yadda ya shafi na Zariya da Bauchi.

Saboda haka akwai nauyi a wuyan ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatun ayyuka, su riƙa tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, kafin su amince da rushe kowane tsohon soro. Ɗalibai masu koyon zanen gini kuma ya kamata su zauna gaban sarakunan magina su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Soron da ya faɗi bayan maginansa sun ƙare, babu kuɗin da zai tayar da shi. Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya yi masa rahama.