Frank Hornby, Akawun Da Ya Ƙera Jirgin Ƙasa Na Wasa

A Ingila da Jamus da Amurka akwai wani wasa wanda yara da manya ke yi, har da tsofaffi masu furfura. Mutum ya kan sami babban tebur ko wani ɗaki a gidansa, ya shimfiɗa 'yar hanyar dogo a kai, ya gina tasha da gada da tuddai, ya dasa itatuwa, ya tsai da 'yan mutane a bakin tasha, sa'an nan ya saki ɗan jirgin ƙasa wanda tsawon kansa bai fi tafin hannu ba, ya yi ta zagawa. Wani ya kan shekara goma yana ginin nan bai gama ba. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiyoyi, su kan taru su nuna wa juna inda aikinsu ya kai, wanda ya fi sani ya gyara wa na baya. Mutumin da ya fi kowa yaɗa wasan nan a Ingila shi ne Frank Hornby, shi kuwa bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba. Na ga ya kamata mu da ake horo don koyar da yara mu san labarinsa.

An haife shi ran 15 ga watan Mayu, 1863, a Libapul, babban garin nan na bakin teku inda jiragen ruwa suka daɗe suna sauke gyaɗa da auduga da manja na ƙasarmu. Garin jirgin ƙasa ne kuma, gama tun 1830 aka buɗe hanyar dogo tsakaninsa da Mancesta. Ubansa ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan abinci. Da yaron ya kai shekara 16 sai ya bar makaranta ya shiga riƙe wa uban kuɗi. A 1887 ya auri wata malamar makaranta, sunanta Clara, suka haifi maza biyu, Roland da Douglas, da mace ɗaya. Bayan cinikin uban ya tsaya, sai ya zama akawun wani attajiri mai suna David Elliott, wanda ke sayo nama daga ƙasashen waje. Aikinsa ke nan, rubuta shiga da fitar kuɗi daga safe har yamma.

Amma in ya komo gida yana da wani ɗan ɗaki inda ya ajiye kayan aikin hannu. Wajen 1899 ya fara yi wa 'ya'yansa kayan wasa. Ya kan yanka fallen ƙarfe ya haɗa gada ko keken kaya ko injin ɗaga kaya irin waɗanda yaran ke gani a bakin ruwa. Abin da ya dame shi shi ne, kowane abu sai ya yanka masa nasa ƙarfe dabam, in yaran sun gaji da shi kuwa, shi ke nan, ƙarfen ya zama na banza. Ana nan sai dabara ta faɗo masa. Ya yanka ƙarafa sirara kamar langalanga, ya huda su a jere, tsakanin kowane rami da na kusa da shi rabin inci daidai, ba ƙari ba ragi. Tun da yake ramukan duka tazararsu ɗaya ce, kowane ƙarfe yana iya haɗuwa da kowane, a ɗaure da ƙusa da noti. Ramin da ƙusa ke shiga kuma shi ne gindin da sandar ƙafa ke juyawa a ciki. Yaro ya gina gada yau, gobe ya kwance ta ya gina mota da ƙarafan nan dai. Duk arzikin da Hornby ya yi daga baya, a kan rabin incin nan ya tsaya.

A watan Janairu 1901 ya nemi takardar gwamnati wadda ke hana wani ya kwaikwayi abin ya sayar. Ko kuɗin takardar ba shi da su, sai da ya ranci fam 5 wurin maigidansa. Farkon abin da wuya. Masu kantuna ba su kula ba, masu ƙira kuma ba su yi masa aiki mai kyau ba. Elliott ne ya tsaya masa, ya ba shi ɗaki kusa da ofishinsu, ya kuma shiga tarayya da shi. Hornby ya aika wa wani babban malamin aikin injiniya na jami'ar Libapul, Henry Hele-Shaw, hotunan abin da ya gina, malamin ya amsa da yabo, takardar yabon nan kuwa ta taimaka wajen samun masu ba da jari. A 1902 aka fara sayar da akwatin farko a kan sule bakwai da sisi, da ƙarafa iri 16 a ciki, da 'yar takarda mai nuna yadda za a gina abubuwa 12.

Ku lura fa, duk wannan lokaci bai bar aikin akawu ba. Shekara shida yana yin biyu, ofis da rana, kayan wasa da dare. Sai a 1907, yana da shekara 44, ya ajiye alƙalami, ya sa wa abin suna Meccano, ya kama wurin ƙira na kansa. Kamfanin ya kafu a 1908. Ciniki ya buɗe har wuri ya yi masa kaɗan, a 1914 ya koma wata babbar masana'anta a titin Binns, a nan Libapul, inda dubban mutane suka ci abinci, yawancinsu mata. Daga baya ya buɗe waɗansu a Faransa da Amurka.

To, yanzu sai labarin jirgi. Kafin yaƙin 1914, yawancin jiragen wasa da yaran Ingila ke samu daga Jamus suke zuwa, daga kamfanoni irin su Märklin da Bing. Da yaƙi ya ƙare a 1918, mutanen Ingila ba su da marmarin sayen kayan Jamus. Hornby ya ga ƙofa ta buɗe. A 1920 ya fitar da jirginsa na fari, ya sa masa sunansa. Wani a ke yi masa da mabuɗi kamar agogo, sifirin da ke ciki ya riƙa warwarewa yana juya ƙafafu. Tsakanin dogo da dogo inci ɗaya da kwata ne. Jiragen farko ma da ƙusa da noti aka haɗa su, yaro na iya kwancewa ya ga cikinsu ya mayar. A 1925 ya fitar da mai tafiya da lantarki. Na farkon ƙarfin wutarsa ya yi yawa, yana da haɗari ga yara, don haka aka sake shi da mai ƙaramar wuta.

Hornby ya gane yaro ba ya daɗewa yana kallon jirgi yana zaga fili tsirara. Saboda haka ya shiga ƙera abubuwan da ke kewaye da jirgi: tasha, da gada, da ramin da jirgi ke ratsa dutse, da hannun alama mai ba jirgi izinin wucewa, da ɗakin mai juya hanya, da 'yan mutane da dabbobi. 'Yan motocin da aka fara yi don a tsayar a bakin tasha su ne suka zama Dinky a 1934, suka kuwa yi farin jini har suka zama sana'a mai zaman kanta. Da haka tebur ya zama ƙasa guda, mai shi kuma dole ya yi tunani: ina gari zai zauna, ina kogi zai bi, ina jirgi biyu za su kauce wa juna.

Abu na biyu da ya gane, ya ma fi na farko. Mai gini shi kaɗai a ɗaki ya kan gaji, amma wanda ya san akwai masu jiran su ga aikinsa ba ya ajiyewa. A 1916 ya fara buga mujallar Meccano, 'yar shafi huɗu, daga baya ta yi kauri. A ciki a kan buga hoton abin da yara suka gina, da sunan mai ginin da garinsu, a kan sa gasa a ba da kyauta. A 1919 ya kafa ƙungiyar masu Meccano, a 1928 kuma ta masu jirgin Hornby. Rassa suka tashi a makarantu da majami'u, kowane da babban mutum mai lura da shi. Yara su kan kawo dogonsu su haɗa ya zama hanya mai tsawo wadda ba mai iya mallakarta shi kaɗai, su raba aiki, wannan direba, wannan shugaban tasha, wancan mai alama, su rubuta lokacin tashin kowane jirgi su bi shi. Yaron da ke wata ƙasa mai nisa yana iya ganin dabarar wani a mujalla, ya gwada, ya ƙara tasa, ya aika. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada a ce wasan banza ne. A 1934 wani malamin jami'ar Mancesta, Douglas Hartree, da almajirinsa Arthur Porter, suka haɗa injin warware lissafi mai wuya, yawancinsa da ƙarafan Meccano, ya kuwa yi aiki. Injiniyoyi da yawa na zamanin sun fara sanin yadda ƙafa mai haƙora ke juya 'yar'uwarta tun suna yara a kan tabarmar gidansu. Sai dai a faɗi gaskiya, kayan nan ba na kowa ba ne. Tsadarsu ta sa 'ya'yan masu hali suka fi samu, tallarsu kuma ga yara maza aka fi nufa, aka bar 'yan mata a baya.

Hornby ya yi arziki ƙwarai. A 1931 aka zaɓe shi wakilin unguwar Everton a Majalisar Dokokin Ingila, amma bai sake tsayawa a 1935 ba, gama jiki ya fara ƙi. Ciwon zuciya da na sukari suka kwantar da shi, ya rasu ran 21 ga watan Satumba, 1936, yana da shekara 73. Ɗansa Roland ya gaje shi. A 1938 aka fitar da ƙaramin jirgin da ake kira Hornby Dublo, wanda girmansa wajen rabin na farko ne, don ya shiga ƙananan gidaje. Wani kamfani ya sayi Meccano a 1964, masana'antar titin Binns kuma aka rufe ta a 1979, amma har yau ana sayar da jiragen wasa da sunan Hornby.

To, 'yan'uwa, ina ruwanmu da wannan a nan Lafiya? Garinmu ma garin dogo ne. Hanyar da ta taso daga Fatakwal ta iso Inugu a 1916, ta ratso ta nan ta bi Gudi da Kafanchan, ta haɗu da ta Kaduna a 1927. Gadar Makurɗi a kan Binuwai an buɗe ta a 1932, kafin nan sai a ƙetare da taragu a jirgin ruwa. Yaranmu kuma ba su jira wani Hornby ba. Ku duba bayan kaka, lokacin da kara ya bushe. Yaro zai fere kara, ya yanka totuwa, ya soke da ɓawon, ya tada mota da ƙofofinta da kujerunta. Wani ya buɗe gwangwanin madara, ya yi ƙafafu da marfin kwalba ko tsohon silifa, ya ɗaura waya ya yi sitiyari. In sun jera gwangwanaye biyar da zare, jirgi ya samu. Su kan kuwa taru su gwada na wa ya fi, daidai da abin da mujallar Hornby ta yi wa yaran Ingila. Abin baƙin ciki, sau da yawa in irin motar nan ta shigo aji, malami ya kan ƙwace ya taka ta, ya bi mai ita da bulala. Yaron nan watakila shi ne ya fi kowa kai a ajin, daga ranar kuwa ya koyi cewa abin da hannunsa ya iya ba shi da wuri a makaranta.

Abu ɗaya ne motar kara ta rasa, shi ne kuwa malami ke iya bayarwa, watau awo. Ga misali. Faɗin tsohuwar hanyar dogon Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, inci 42 ke nan. In aji ya shimfiɗa kara biyu a jere, tsakaninsu inci ɗaya, to, kowane abu a kan teburin sai a raba girmansa na ainihi gida 42. Ƙofar tasha mai tsawon ƙafa 7, inci 84, za ta zama inci 2. Tarago mai ƙafa 35 zai zama inci 10. Yaron da ya yi wannan lissafi don taragonsa ya hau dogon abokinsa ba zai manta da rabawa ba. In kowa ya bi awo ɗaya, aikin yara talatin zai haɗu ya zama abu guda, kamar yadda ƙarafan Hornby suka haɗu saboda rabin inci.

Sauran kayan duk suna bayan aji. Yumɓu ya yi duwatsun Eggon, yashi ya yi bakin Binuwai, busasshiyar ciyawa ta yi daji, kwalin ashana ya yi gidaje, 'yan ƙunshin tsumma su zama buhunan riɗi da shinkafa, tsinke ya zama doya a bakin tasha. Labarin ƙasa ya shigo ke nan, da tarihi, da rubutu, gama sai an rubuta sunayen tashoshi da lokacin jirgi. A sa 'yan mata a ciki tun daga awo har gini. Kowace Juma'a a ba kowace ƙungiya minti biyar ta nuna inda ta kai da abin da ya gagare ta, sauran su ba da shawara.

Da yawa daga cikinmu za mu fita gwajin koyarwa a makarantun da ba su da ko taswira a bango. Wanda ya gwada wannan, ya rubuto wa shafin nan yadda ta kasance, da awon da ya bi, da abin da ya rushe da yadda aka gyara, don na baya su ɗora daga inda ya tsaya. Allah ya ba mu haƙuri da yaran da za a danƙa mana.